Sharhi: Wa ke da iko da tafkunan Najeriya, kuma ina makomar masunta?

Duk lokacin da aka taɓo maganar kifi a tarurrukan gwamnati, alƙaluma biyu ake fara kawowa. Na farko, 'yan Najeriya na buƙatar kimanin tan miliyan 3.6 na kifi a kowace shekara. Na biyu, abin da ake samarwa a cikin gida bai wuce tan miliyan ɗaya da 'yan kai ba. Wani ɓangare na wannan giɓi ana cike shi da daskararren kifi daga ƙasashen waje, da kuɗin musaya masu tsada. Sauran kuwa tukunyar miyar talaka ce ke ɗaukar asararsa.

A watan Agustan 2023 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya ƙirƙiro Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa, ya naɗa Adegboyega Oyetola ministanta, daga baya kuma aka ɗauke sashen kamun kifi daga Ma'aikatar Noma aka mayar ƙarƙashinta. Tun daga lokacin ake ta bayyana aniyar rage dogaro da kifin waje. Akasarin shawarwarin da ake ji sun karkata ga kiwon kifi a kududdufan zamani, da rage tsadar abincinsa, da raba wa masunta injuna da raga. Duk waɗannan suna da amfani. Sai dai har gobe, mafi yawan kifin da ƙasar nan ke samarwa daga hannun ƙananan masunta yake fitowa, masu kwalekwale da koma, a gaɓar teku da koguna da tafkuna.

Shi kuwa masuncin Baga ko Yawuri ko Nguru, kafin ya kai ga maganar inji, abin da ke gabansa da asuba shi ne ko za a bar shi ya isa ruwan, da wanda zai biya kafin ya jefa birgi. Sannan in ya ɗaga wa ƙananan kifaye ƙafa bana, ba shi da tabbacin shi zai same su sun girma baɗi, domin wani na iya kwashe su cikin dare. Yadda aka warware waɗannan al'amura shi ke yanke yawan kifin da zai kai kasuwa, kuma har yanzu ba a warware su a yawancin tafkunan ƙasar ba.

Tushen ruɗanin yana cikin doka. Kundin Tsarin Mulkin 1999, a jerin abubuwan da Gwamnatin Tarayya kaɗai ke yi wa doka, ya ambaci kamun kifi, amma ya cire wanda ake yi a koguna da tafkuna da kududdufai da sauran ruwan cikin ƙasa. Ma'anar haka ita ce kamun kifi a ruwan daɗi hurumin jihohi ne. Amma a cikin wannan jeri dai an ba tarayya iko da ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya, da kuma zirga-zirgar jirage a Kogin Neja da rassansa. Ke nan a tafki irin Kainji, wanda ya ratsa jihohin Neja da Kebbi, ruwan da jirgin da ke kansa suna ƙarƙashin Abuja, kifin da ke cikinsa kuwa na Minna ne da Birnin Kebbi.

Akwai dokoki biyu na zamanin mulkin soja da har yanzu suke aiki. Dokar Albarkatun Ruwa mai lamba 101 ta 1993 ta tabbatar wa kowane mutum 'yancin ɗibar ruwa kyauta don amfanin gida da shayar da dabbobi, ta kuma ba shi damar yin amfani da ruwa don kamun kifi ko sufuri muddin hakan bai saɓa wa wata doka ba. Ita kuma Dokar Kamun Kifi a Ruwan Cikin Ƙasa mai lamba 108 ta 1992 ta gindaya sharuɗɗa. Ta wajabta lasisi ga jirgin kamun kifi mai inji. Ta hana ragar da idonta bai kai milimita 76 ba, wato inci uku, in ban da wasu keɓaɓɓun kayan kama ƙananan nau'o'in kifi. Ta haramta guba da nakiya da wutar lantarki, ta ba kwamishinonin jihohi ikon rufe ruwa na wani lokaci, ta kuma ce duk wanda aka ba izinin gina madatsa ya bar wa kifi hanyar wucewa. Hukuncin mai zuba guba a ruwa shi ne tarar naira 3,000 ko ɗaurin shekara biyu ko duka biyun. A kasuwar yau, wannan tara ba ta kai kuɗin babbar tarwaɗa guda ba.

A bakin ruwa kuwa, masu iko sun fi na takarda yawa. Hukumomin raya kogunan ƙasa, waɗanda aka kafa a 1976, su ke riƙe da manyan madatsun noman rani: ta Haɗeja da Jama'are tana kula da Tiga da Challawa, ta Sakkwato da Rima tana kula da Bakolori da Goronyo. Tashoshin lantarki na Kainji da Jebba da Shiroro suna hannun kamfanonin da aka ba jingina tun 2013, kuma kusa da bakin kowace madatsa akwai iyakar da ba a ƙetarewa saboda haɗari. Gandun dajin ƙasa na Tafkin Kainji da na yankin Tafkin Chadi suna da wuraren da aka hana shiga. Ga ma'aikatun jihohi masu ba da lasisi, ga ƙananan hukumomi masu karɓar haraji a mashigi da kasuwa. A ƙarƙashin dukkan waɗannan akwai Sarkin Ruwa da Bulama da Lawani da dagaci, waɗanda suka riga dokokin nan zuwa, kuma har yanzu su masunci ke fara gaisarwa in ya sauka baƙon wuri.

Yunƙurin da aka yi na tattara dokokin ruwa wuri guda bai kai gaci ba. Ƙudurin Dokar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa ya gamu da turjiya a Majalisar Dattawa a 2018, aka sake gabatar da shi a 2020 da 2022, daga ƙarshe majalisar ta yi watsi da shi a watan Yunin 2023, saboda fargabar da wasu jihohi da ƙungiyoyi suka nuna cewa tarayya za ta karɓe ruwa da filayen gaɓa daga hannunsu. A watan Janairun 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar da ta haɗa Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, NIWA, da Jihar Legas, inda ta tabbatar wa tarayya ikon kula da sufuri a hanyoyin ruwan cikin ƙasa. A duk wannan muhawara, an yi maganar gwamnoni da kuɗin shiga da filaye, amma ba a cika jin muryar masunci ba.

Idan ana son ganin abin da rufe ruwa ke haifarwa, sai a dubi Tafkin Chadi. A shekarun 1960 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Farin shekarun 1970 da 1980 ya cinye kusan kashi tara cikin goma na wannan faɗi, ko da yake ruwan ya ɗan farfaɗo daga baya. Duk da wannan janyewa, tafkin bai daina ciyar da jama'a ba. Kasuwar Doron Baga ta kasance ɗaya daga cikin manyan kasuwannin kifi a Afirka ta Yamma, inda manyan motoci ke lodin banda zuwa Maiduguri da Kano da Onitsha da Enugu da Legas. Kanuri da Buduma da Hausawa da Jukunawa da baƙi daga Mali duk sun zauna a tsibiransa suna neman abinci.

Abin da fari bai iya yi ba, yaƙi ya yi. A farkon watan Janairun 2015 mayaƙan Boko Haram suka afka wa Baga, suka kashe jama'a masu yawa, sauran suka tsere. Kwalejin Tarayya ta Koyar da Fasahar Kamun Kifi da ke garin ta koma Maiduguri. Domin toshe wa mayaƙan hanyar samun kuɗi, rundunar soji ta hana kamun kifi da fataucinsa a yankin na tsawon shekaru. Jamhuriyar Nijar ma ta ɗauki irin wannan mataki a jihar Diffa a 2015, ta kwashe mutanen tsibirai, kuma sai a 2019 ta sassauta haramcin.

Hujjar tsaron a fili take, amma sakamakon ya zo da wani salo. Masuncin da ba shi da wata sana'a bai daina shiga ruwa ba, sai dai ya koma shiga a ɓoye. Rahotannin masu nazarin rikicin, ciki har da na ƙungiyar International Crisis Group a 2019, sun nuna yadda ɓangaren ISWAP ya maye gurbin hukuma a tsibirai, yana karɓar haraji daga masunta da 'yan kasuwa, yana ba su izinin shiga ruwa. Wanda ya biya wannan haraji yana cikin haɗarin a ɗauke shi mai taimakon 'yan ta'adda, wanda ya ƙi kuwa ransa ne a bakinsa. A watan Agustan 2017, jim kaɗan bayan an sassauta haramcin, an kashe masunta 31 a tsibiran Duguri da Dabar Wanzam. A watan Maris na 2023 an kashe wasu gommai a Mukdolo. A watan Janairun 2025 gwamnatin Borno ta tabbatar da kisan aƙalla mutum 40 a Dumba, kusa da Baga, ta kuma bayyana cewa sun ƙetare iyakar da jami'an tsaro suka shata.

Gwamna Babagana Umara Zulum ya mayar da mutanen Baga garinsu a watan Satumban 2020, duk da harin da aka kai wa ayarinsa a kan hanya. Mayar da mutane gida mataki ne babba. Amma masunci ba ya zama a gari ya ci abinci, kuma kifi ba ya bin iyakar da aka shata a taswira. Matuƙar yankin da aka amince a shiga ya yi wa jama'ar da ta dawo kaɗan, yunwa za ta ci gaba da tura su inda doka ba ta kaiwa.

Tafkin Kainji kuwa yana nuna ɗaya gefen matsalar, wato abin da ke faruwa idan ruwa ya zama na kowa ba tare da mai tsawatarwa ba. An kammala madatsar a 1968, ruwa ya mamaye kimanin murabba'in kilomita 1,270, ya haɗiye tsohon garin Bussa, aka sake tsugunar da mutane sama da 40,000. A shekarun farko, ciyayi da itatuwan da ruwa ya shanye sun ruɓe sun zama abinci, kifi ya yawaita, musamman faliya. Masunta suka yi ta kwarara daga ko'ina. A 1971 an kama kimanin tan 28,000. Kafin 1978 adadin ya faɗo ƙasa da tan 5,000. Wani ɓangare na wannan faɗuwa ɗabi'ar kowane sabon tafki ne, wani ɓangaren kuwa yawan raga ne da ƙanƙantar idonta.

Daga baya sai dala ta shigo, wato dogon taru mai ido kamar na gidan sauro, wanda ake zagaye ruwa da shi a ja zuwa gaɓa. An kawo ta ne don kama warangi, ɗan ƙaramin kifin nan da ake shanyawa a rana. Da ita adadin kamu ya sake tashi har ya kai kimanin tan 38,000 a 1996. Illarta ita ce ba ta zaɓe. Tare da warangi takan kwaso 'ya'yan giwan ruwa da karfasa da faliya tun ba su kai tsawon yatsa ba, ta kuma share sheƙar da kifi ya yi a gaɓa. Ga shi tana da tsada, sai mai hali ke mallakarta, alhali asarar tana faɗawa kan mai kalli da mai birgi da mai mamari.

Aikin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus na bunƙasa kamun kifi a Tafkin Kainji, wanda ya fara a 1993 tare da Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke New Bussa, ya gwada wata hanya. An ƙirga masunta da jiragensu da kayan aikinsu ƙauye bayan ƙauye. Jihohin Neja da Kebbi sun yi dokoki masu kama da juna, domin kada wanda aka hana a wannan gaɓa ya tsallaka waccan. An shigar da masarautun yankin da sarakunan ruwa cikin aikin ba da lasisi da sa ido, aka kuma haramta dala a ƙarshen shekarun 1990. Haramcin bai zo kyauta ba, domin ya rage yawan warangin da ake kamawa, ya kuma taɓa abincin leburorin da ke jan tarun da matan da ke shanya shi. Bayan aikin ya ƙare, kuɗin sintiri ya ja baya, dala ba ta ɓace daga tafkin ba. Duk da haka an koyi darasi guda: masunci ya fi jin maganar shugaban da yake sallah tare da shi a kan jami'in da ke zuwa daga babban birnin jiha sau ɗaya a shekara, amma shi ma shugaban yana buƙatar doka da jirgin sintiri a bayansa.

A nan ya kamata a tsaya a kan dabarun kamun kansu, domin galibin abin da masana ke ba da shawara a kai tsofaffin masunta sun riga sun san shi. Kifin ruwan daɗi a wannan yanki yana bin ambaliya. Da ruwan sama ya sauka, kogi ya tumbatsa ya shiga fadama, tarwaɗa takan bi ruwan cikin ciyawa ta zuba ƙwai. Bargi da yauni sukan yi sheƙa a cikin ciyayin ruwa su tsare ta. Karfasa takan haƙa ɗan rami a inda ruwa bai da zurfi, wasu nau'o'inta kuma uwar ce ke riƙe ƙwai da 'ya'ya a cikin bakinta har su yi ƙwari. Wanda ya kama irin wannan uwa a wannan lokaci, ɗaruruwan kifaye ya hallaka a kamu ɗaya. Shi ya sa hutun da ya fi amfani ga ruwa shi ne na tsakiyar damina, kuma wurin da ya fi cancantar kariya shi ne bakin fadama da mashigar ƙoramu.

A Kainji akwai ƙarin abin lura, domin ruwa sau biyu yake zuwa. Akwai farin ruwa na damina, mai ɗauke da laka daga kogunan kusa irin su Rima, sannan akwai baƙin ruwa da ke isowa da hunturu daga tsaunukan Gini bayan ya tace a fadamun Mali. Masuncin da ya san waɗannan lokuta ya san inda zai kafa kalli da inda zai ɗaure mamari, da lokacin da ƙurungu da ragon ruwa ke sauka zurfi. Ya san asuba da faɗuwar rana sun fi tsakar rana albarka, kuma ragar da ta kwana ta wuni a ruwa kifinta ya fara lalacewa kafin ya kai tanda.

Maganar idon raga ma lissafi ce mai sauƙi. Inci uku yana ba karfasa damar kaiwa girman da za ta hayayyafa aƙalla sau ɗaya kafin a kama ta. Kifin da aka bari ya ƙara 'yan watanni, kuɗinsa kan ninka na ƙanana da yawa. Guba kuwa, ko ta gargajiya irin magimfa ko ta kanti irin gamalin da sauran magungunan feshi, tana kashe babba da ƙarami da abincinsu, ta gurɓata ruwan da mutane da dabbobi ke sha, ta kuma bi kifin har cikin miya. Gidan sauron da aka raba don yaƙi da zazzaɓin cizon sauro, idan ya koma koma, an yi asara biyu. Haka nan dumba, wato jerin gurar Mali da ake gittawa a toshe hanyar ruwa baki ɗaya, kamar yadda ake yi a Tafkin Chadi da fadamun Nguru: mai ita yana tare duk abin da ya biyo mashigin, waɗanda ke bayansa su tashi hannu rabbana. Kuma da yake samun wurin kafa ta na buƙatar kuɗi da sanayya, dumba kan mayar da ruwan jama'a gonar mutum ɗaya.

Bayan kamu ma akwai asarar da za a iya kaucewa. Kifin da aka fasa aka wanke da wuri, aka kyafe shi a tanda mai rufi har ya bushe sosai, yakan daɗe bai yi ƙwari ba, ba kuma ya buƙatar a fesa masa maganin da zai cutar da mai ci. Ingantattun tandunan da cibiyoyin bincike suka ƙera suna rage cin itace, abin da ke da muhimmanci a yankunan da daji ya ƙare.

Sanin waɗannan duka bai isa ya sa a yi aiki da su ba. Hausawa na cewa kifi na ganinka mai jar koma, to shi ma masunci yana ganin maƙwabcinsa. Idan ya sayi raga mai faɗin ido alhali na kusa da shi yana jan dala ba wanda ya tanka, shi ne zai koma gida da kwando wayam. Mutum yana haƙura da ƙaramin kifi ne idan ya tabbata dokar ta hau kan kowa, kuma yana da rabo a ruwan nan baɗi.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne Argungu. Bikin kamun kifin garin ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama a 1934, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa a 2016. 'Yan kallo sukan ga dubban mutane sun ruga cikin Matan Fada da homa da gora. Abin da ba su gani shi ne watannin da wannan yanki na kogin ke yi a rufe ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa da masarauta. Wannan hutu ne ya sa a bikin 2020 aka fito da kifi mai nauyin kilo 78. Irin wannan tsari na keɓe ruwa har zuwa ranar da aka sa yana nan a bikin Nwonyo na Ibi a Jihar Taraba da na masarautar Bade a Jihar Yobe, da kuma ɗaruruwan tafkunan ƙauye da ba a buɗewa sai dagaci ya yi shela da rani. Tsarin gargajiya shi ma yana da nasa rauni, domin a wasu wurare akan sayar da tafki ga mai kuɗi na tsawon kaka guda, 'yan gari su zama 'yan kallo. Abin da ke sa ya yi aiki shi ne a san ƙa'idar a fili, a kuma buɗe wa kowa ranar buɗewa.

Akwai kuma inda ba soja ko mai kuɗi ne ya tare hanya ba, ruwan ne ya canza. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa da ta biyo baya a 1992 sun ba Kano ruwan sha da noman rani, su kansu kuma sun zama wuraren kamun kifi. Amma sun rage ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru, inda kifi ke hayayyafa. Sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara ya ba kacala damar yaɗuwa, ta toshe mashigai, ta hana kwalekwale wucewa, ta zama maɓoyar tsuntsayen da ke cinye hatsi. An sanya Tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2000, a 2006 kuma jihohi shida da ke cin moriyar wannan kwari suka amince da kafa asusun haɗin gwiwa don kula da shi. Abin da masuntan yankin ke buƙata daga masu riƙe da makullin madatsun shi ne a riƙa sakin ruwa da damina gwargwadon da zai kwaikwayi ambaliyar asali, a kuma ci gaba da yashe mashigai.

Damar shiga ruwa ta haɗa da damar dawowa lafiya. Haɗarin jirgin Warrah a Ƙaramar Hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi a watan Mayun 2021, wanda ya ci rayuka masu ɗimbin yawa, da na Bagwai a Jihar Kano a ƙarshen Nuwamban wannan shekarar, inda akasarin waɗanda suka rasu ɗaliban Islamiyya ne, sun nuna halin da sufurin tafkuna ke ciki. Kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun lokacin gina madatsu suna nan suna fasa jirage suna yaga raga. Hukumar raya yankunan da ke samar da lantarki daga ruwa, HYPPADEC, da NIWA sun raba rigunan kariya a wurare da dama, amma sai shugabannin mashigai sun hana jirgi tashi da lodin da ya wuce kima ko tafiyar dare kafin a ga amfaninsu.

Idan aka haɗa waɗannan misalai, aikin da ke gaban hukumomi a bayyane yake. Dokar 1992 na buƙatar sabuntawa, ta yadda tararta za ta dace da zamani, kuma za ta amince a rubuce da matsayin kwamitocin masunta da sarakunan ruwa. Kowane babban tafki na buƙatar rajistar masu kamun kifi a cikinsa, da lasisi guda ɗaya mai sauƙin kuɗi a maimakon rasiɗai barkatai, tare da mayar da wani kaso na kuɗin ga sintiri da gyaran mashigai a wurin da aka karɓe shi. Jihohin da suka haɗa tafki ɗaya su daidaita ranakun rufewa da girman idon raga. A sanya hutun damina da shawarar masunta, a haɗa shi da tallafin noma ko kiwo, domin mai iyali ba zai yi wata biyu yana kallon ruwa ba abinci ba. Duk wani shirin ba 'yan kasuwa wani yanki na tafki don kiwon kifi a keji ko yawon buɗe ido, a fara shata mashigan jama'a da wuraren shayar da dabbobi kafin a sa hannu.

A Tafkin Chadi kuwa, inda Hukumar Raya Yankin Tafkin ta haɗa ƙasashen da ke kewaye da shi tun 1964, aikin ya fi nauyi, domin sai an faɗaɗa yankin da masunta za su shiga da rakiyar jami'an tsaro, an ba su katin shaida, an kuma tsare hanyar Baga zuwa Maiduguri daga masu tatsar direbobi. Kowane kwalin banda da ya bi ta hannun hukuma ya isa kasuwa kuɗi ne da ya kuɓuce wa masu karɓar haraji a tsibirai. Injuna da ragar da gwamnati ke rabawa za su yi amfani ne a hannun masuncin da ya san mashigin da zai sauka, da abin da zai biya, da watan da zai ɗaga wa ruwa ƙafa.